Ko na yi barci, sai in tashi kamar an yi min duka

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 26, ina da yara biyu, babban ɗan shekara uku, ƙaramar kuma watanta bakwai, ina shayar da ita. Wata uku ke nan wata irin gajiya ta kama ni wadda ban taɓa sanin irinta ba. Ko na samu na yi barci, sai in tashi kamar an yi min duka. In na goya yarinyar na ɗan taka, zuciyata ta dinga bugawa da ƙarfi. Gashina yana zuba, ina jin sanyi a lokacin da kowa ke kukan zafi, ga mantuwa, sai in shiga ɗaki in rasa abin da ya kawo ni. Na zubar da jini sosai a wannan haihuwar, amma ba a yi min ƙari ba. Al'adata ta dawo wata biyu da suka wuce, kuma da yawa take zuwa. Na je asibiti aka duba jinina aka ce ba laifi, aka ba ni bitamin, aka ce in riƙa hutawa. Maigidana ya fara cewa son jiki ne, mahaifiyata kuma ta ce haka raino yake. Amma Anti, ai na yi rainon fari, ba haka na ji ba. Me ke damuna?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki yaran nan.

A duk abin da kika rubuto, maganar da na fi riƙewa ita ce cewa kin yi rainon fari kuma ba haka kika ji ba. Wannan ma'auni ne da babu mai shi sai ke. Mahaifiyarki ta yi gaskiya da ta ce raino akwai gajiya, babu uwar da za ta musa. Sai dai gajiyar raino tana da halinta: ranar da aka karɓar miki yarinya kika yi barcin awa biyar ko shida a jere, za ki tashi ki ji kin dawo mutum. Taki ba ta jin barci, ta zo da rakiyar wasu alamomi, kuma kina iya faɗin watan da ta fara. Irin wannan gajiyar jiki ne yake sanar da ke cewa wani abu ya ragu ko ya karkace a cikinsa. Yawancin abubuwan da ke jawo ta gwajin jini yana tona su, kuma suna da magani. Don haka ki koma asibiti, amma wannan karon ki koma kin san abin da za ki nema.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar ganin likita da su, bari in fara kawar da su. Idan numfashinki yana ɗaukewa alhali kina zaune, ko ba ki iya kwanciya sai kin tara matasai a bayanki, ko kina farkawa tsakar dare kina haki, ko ƙafafunki sun kumbura har in an danna da yatsa wurin ya lotsa, to yau za ki tafi asibiti. Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata daga ƙarshen ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, tsokar zuciyar ta yi rauni ta kasa tura jini yadda ya kamata. Sau da yawa da gajiya yake fara sallama, a yi ta ɗora laifin a kan raino har sai ya yi nisa, kuma hoton zuciya ne yake nuna shi. Haka nan ciwon ƙirji, suma, zazzaɓin da ya ƙi sauka, bayan gida baƙi ƙirin alhali ba kya shan maganin ƙarin jini, ko tunanin cutar da kanki ko yarinyar. Ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana, kada ki kwana da shi.

Idan babu ko ɗaya, to abin da na fi zargi a labarinki shi ne ƙarancin sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jan jini da shi. Mu yi lissafi tare. Ciki guda yana cin kusan miligiram 1,000 na ayon daga jikin mace, tsakanin abin da jariri da mabiyiya suke ɗauka, da ƙarin jinin da uwar ke haɗawa, da wanda ke zuba wajen haihuwa. Kin yi ciki biyu cikin shekara huɗu. A na biyun kin zubar da jini sosai, kuma a wajen likitoci rabin lita, wato mililita 500, ya riga ya wuce kima ga wadda ta haihu da kanta. Kafin jikin ya mayar da abin da ya rasa, sai ga al'ada ta dawo tana kwasar nata kason kowane wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini, kuma rashin ayon ne kan gaba a cikin dalilan.

Za ki ce ai an duba an ce ba laifi. Nan ne nake so ki natsu. Gwajin da aka fi yi idan mace ta yi kukan gajiya shi ne na himogulobin ko PCV, wato yawan jan jinin da ke yawo a jijiya a wannan lokacin. Ga macen da ba ta da ciki, himogulobin da ya kai giram 12 a kowace desilita ana cewa lafiya lau. Amma jiki yana da rumbun ayon, kuma daga rumbun yake ɗiba yana cika tukunya. Wanda ya leƙa tukunya ya ga da abinci a ciki zai ce gidan nan ba yunwa, alhali an kai ga sharar ƙasan rumbu. Himogulobin shi ne na ƙarshen faɗuwa, sai ajiyar ta ƙare tukuna yake sauka. A tsakanin nan mace tana iya shafe watanni tana jan jiki, gashi na zuba, farce na karyewa, kai na ciwo, zuciya na bugawa in ta hau bene, takardar gwaji kuma tana cewa komai daidai. Gwajin da ke leƙa ajiyar sunansa feritin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ƙasa da 15 a matsayin ajiya ta ƙare, likitoci da dama kuma suna fara magani daga ƙasa da 30 idan akwai alamomi. Ki faɗa wa likita idan kin yi zazzaɓi ko wani ciwo kwanan nan, domin feritin yana hawa a lokacin rashin lafiya, sai ya nuna kamar akwai ajiya alhali babu.

Ga tambayoyi biyu da mata ba su cika faɗa ba sai an tambaye su. Kina samun kanki kina taunar ƙanƙara, ko kina marmarin ƙasa, ko ƙanshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa yana ja miki rai fiye da da? Idan kin kwanta da dare, ƙafafunki suna yi miki wani irin yam-yam daga ciki har sai kin motsa su ko kin tashi kin taka? Duka biyun suna tafiya da ƙarancin ayon, na biyun kuma yana sace barcin da dama bai ishe ki ba. Babu abin kunya a ciki, ki faɗe su.

Idan gwaji ya tabbatar, bitamin ɗin da aka ba ki ba zai cike gurbin ba, domin ayon ɗin da ke cikin irin waɗannan ƙwayoyi ɗan kaɗan ne. Ƙwayar ayon ta musamman ake sha, kuma shanta yana da ƙa'ida. A raba ta da shayi, kofi, madara da maganin ƙwannafi da kamar awa biyu, saboda suna hana hanji tsotse ta. Za ta mai da bayan gida baƙi, wannan ba komai ba ne. Tana iya taurara ciki ko ta sa tashin zuciya, kuma a nan ne mata da yawa suke watsar da ita bayan mako guda. Kada ki watsar, ki koma ki faɗa, domin likitoci da dama yanzu suna ba da ita yau a sha gobe a tsallake, ciki ya fi jurewa, jiki kuma ya tsotsa sosai. Ana ci gaba da sha kamar wata uku bayan jinin ya daidaita, don a cika ajiyar. Wadda cikinta ya ƙi karɓa sam, akwai wanda ake sa wa ta jijiya. Ki ajiye ƙwayoyin inda hannun ɗan shekara ukun nan ba zai kai ba, don Allah. Suna kama da alewa a idon yaro, kuma idan ya haɗiye da yawa guba ne mai kisa. Kada kuma ki saya ki yi ta sha ba tare da gwaji ba: mai ciwon sikila ko wadda aka sha yi wa ƙarin jini tana iya samun ayon ya yi mata yawa, ya taru a hanta da zuciya.

Ba a gama ba sai an toshe inda jinin ke fita. Al'adar da ta wuce kwana bakwai, ko ta sa ki canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ta zo da gudaji manya, ko ta tashe ki cikin dare ki canza, ta wuce kima ko da kin saba da ita. Ƙari a mahaifa yana jawo haka, na'urar tazarar haihuwa mai jan ƙarfe da ake sakawa a mahaifa ma tana ƙara yawan jini ga wasu matan, kuma akwai magungunan rage shi. Wata kafar kuma cikin ciki take: mai yawan shan ibuprofen ko diclofenac saboda ciwon baya da ciwon jiki tana iya samun gyambon ciki yana tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan ba ta sani ba. Tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro, ga wadda ke zaune inda suke, su ma suna cin jini.

Abu na biyu kuwa, lokacin da gajiyarki ta fara ne ya sa nake zarginsa. Yarinya wata bakwai, gajiya wata uku, ke nan a wata na huɗu ta fara. A gaban wuya akwai wani ɗan sashe na jiki da ake kira tayiroid, wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Shi yake fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki gaba ɗaya, daga bugun zuciya zuwa ɗumin jiki, narkar da abinci, har da kaifin tunani. Lokacin ciki garkuwar jiki tana lafawa don kada ta yaƙi jariri, bayan haihuwa sai ta farfaɗo da ƙarfi, kuma a wajen mata kamar 5 zuwa 10 cikin 100 sai ta juya kan tayiroid ɗin a shekarar farko. Yakan zo hawa biyu. Tsakanin wata na ɗaya da na huɗu sinadarin yana kwarara da yawa: mace ta riƙa jin zafi, gumi, rawar hannu, faɗuwar gaba, saurin fushi, rama, kuma kusan kowa sai ya ce ruɗanin sabuwar haihuwa ne. Daga wata na huɗu zuwa na takwas sai ya yi ƙasa: gajiya mai nauyi, jin sanyi, bushewar fata, taurin ciki, zubar gashi, ƙiba ba tare da an ƙara ci ba, mantuwa, al'ada mai yawa, wani lokaci har ruwan nono ya ragu. Ki sake karanta wasiƙarki ki ga nawa ne a ciki. Wasu matan hawa ɗaya kawai suke gani.

Gwajinsa TSH ne, jini kaɗan ake ɗiba. Idan tayiroid ya yi sanyi, lambar TSH hawa take yi, kada wannan ya rikita ki. Maganin sanyin tayiroid ɗin ƙwaya ce guda da safe kafin a ci komai, levothyroxine, kuma ba ta hana shayarwa. Idan an haɗa miki ita da ƙwayar ayon, a raba su da awa huɗu, don ayon yana tare ta a hanji. Yawancin mata tayiroid ɗinsu yana komawa daidai cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma kamar ɗaya cikin biyar na waɗanda nasu ya yi sanyi yakan zauna haka, shi ya sa ake ci gaba da dubawa ko bayan an ji sauƙi, musamman kafin wani cikin.

Tunda kin ambaci zubar jini, akwai wani ciwo da ya kamata ki san da shi ko da ba na jin shi ne naki. Wani likita mai suna Harold Sheehan ya bayyana shi a 1937, sunansa kuma ake kiran ciwon da shi. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da ke ba sauran sassan jiki umarnin fitar da sinadaransu. Yana girma lokacin ciki, kuma idan jini ya zuba da yawa har awon jinin mace ya faɗi ƙasa warwas, sai wani ɓangarensa ya mutu. Alamarsa ta farko ruwan nono ya ƙi zuwa, sannan al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara ya zube, jiri da kasala su zauna, wani lokaci sai bayan shekaru ake gano shi. Ke kina shayarwa, al'adarki kuma ta dawo, wannan ya rage zargin ƙwarai. Duk da haka ki tabbata likita ya ji labarin zubar jinin, kada ki bar shi a matsayin abin da ya wuce.

Sauran dalilan zan bi ta kansu da sauri. Tunda al'ada ta dawo kuma yarinya ta haura wata shida, shayarwa ba ta hana ɗaukar ciki, don haka gwajin ciki yana cikin na farko, ko kina ganin jini. Idan sukarinki ya hau lokacin ciki, ko kina yawan ƙishirwa da fitsarin dare, a duba ciwon suga. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo gajiya da mantuwa da jin kamar ana tsira allura a tafin hannu da ƙafa, ƙarancin bitamin D kuma yana zuwa da ciwon ƙashi da raunin tsoka, mace ta kasa miƙewa daga tsugune sai ta dafa. Tarin da ya wuce mako biyu tare da gumin dare da rama, a duba tarin fuka. Ciwon hanta, ƙanjamau da ciwon ƙoda duk suna iya zama shiru babu alamar da ta wuce gajiya. Ciwon gaɓoɓi da ke zuwa da sandarewar yatsu da safe, ko ƙuraje a fuska masu tashi in an shiga rana, yana nuna cututtukan da garkuwar jiki ke yaƙar mai ita, kuma bayan haihuwa lokaci ne da suke yawan tasowa.

Ki kwashe duk abin da kike sha da wanda kike shafawa ki zuba a jaka ki tafi da su. Maganin mura da na ƙaiƙayi da yawa suna kashe jiki. Methyldopa da ake ba mata saboda hawan jinin ciki yana sa kasala, har da ƙuncin rai, kuma akan canza shi bayan haihuwa. Sai wani abu da mata ba sa lissafawa a cikin magani: ƙwayoyin sa ƙiba da mayukan hasken fata. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroid, irin su dexamethasone a ƙwaya da clobetasol a man shafawa. Idan aka daɗe ana amfani da su, jiki yakan daina haɗa nasa sinadarin, ranar da aka daina kwatsam kuma sai mace ta zube, ga jiri, ga amai, ga kasalar da ba ta iya ɗaga kai. Idan kina amfani da wani abu irin wannan, kada ki yanke shi da kanki, kuma kada ki ɓoye wa likita. Ba ya zaune a wurin don ya yi miki faɗa.

Akwai kuma wani dalili da nake so ki karanta ba tare da kin ji an raina ciwonki ba. Ciwon damuwa na bayan haihuwa ba koyaushe yake zuwa da kuka ba. A wajen mata da yawa, jiki yake fara kamawa: nauyin gaɓɓai, rashin son tashi, rashin ɗanɗanon komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fuskantar matsalar ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwon, adadin kuma ya kusa kai kashi 20 a ƙasashe masu tasowa. Ya bambanta da ɗan ƙuncin kwanakin farko da ke wucewa cikin mako biyu, kuma yana iya farawa a kowane wata na shekarar farko. Ki tambayi kanki da gaskiya. Abubuwan da kike jin daɗinsu a da, har yanzu suna yi miki daɗi? In yarinyar ta yi miki dariya, kina jin wani abu ya motsa a ƙirjinki, ko kallonta kawai kike yi? In ta yi barci gidan ya yi tsit, kina iya barci, ko ido biyu kike kwana kina saƙa da warwara? Kina yawan jin cewa ke ba uwar kirki ba ce, ko cewa da babu ke, da yaran sun fi samun sauƙi? Akwai wata takarda mai tambayoyi goma da aka tsara a Edinburgh a 1987, ana amfani da ita a asibitoci a ƙasashe da yawa, cikin mintuna kaɗan ake amsa ta. Ki nemi a yi miki. Wannan ciwo ba raunin imani ba ne, ba kuma rashin godiya ba, yana jin magani, ta hanyar zama da ƙwararre a yi magana ko ta ƙwayoyi, kuma akwai waɗanda mai shayarwa ke sha lafiya.

Abin da ba na so shi ne a ce miki damuwa ce kawai tun kafin a ɗibi jininki. Sanyin tayiroid da ƙarancin ayon duka suna sa ƙuncin rai, kuma ba abin mamaki ba ne mace ta haɗa biyu ko uku a lokaci guda. Wadda ta yi wata uku tana jan jiki ana ce mata raguwa, dole ranta ya ɓaci ko da lafiyar ƙwaƙwalwarta ƙalau take. A duba duka ɓangarorin tare.

Barcin naki ma a duba shi da kyau. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa bakwai, amma awa bakwai da aka yanyanka gida biyar ba ta kai wadda aka yi a jere amfani ba, domin ƙwaƙwalwa ba ta samun isa ga zurfin barcin da ke gyara jiki. Ki tambayi maigidanki ko kina minshari mai ƙarfi, ko yana jin numfashinki ya tsaya sannan ki ja shi da ƙarfi. Wannan ciwo ne mai zaman kansa, mai shi yana kwana a gado amma ya tashi da ciwon kai da bushewar baki. Sannan shayarwa tana cin kusan kalori 500 a rana a kan abin da jiki ya saba buƙata, uwa mai yara biyu kuma takan wuni a kan ragowar abin da babban ya bari a kwano, sai la'asar ta tuna ba ta ci komai ba. Ki zauna ki ci naki, a kwanonki.

Game da maigidanki, ba na jin gardama za ta amfane ki. Gajiya ba ta da kumburi ko rauni da ido zai gani, shi ya sa wanda ke kusa yake saurin fassara ta da hali. Ki ce masa, "Ina so ka raka ni asibiti, ka ji abin da likita zai ce da kunnenka." Namiji da yawa da bai yarda da bakin matarsa ba yakan yi shiru in ya ga lamba a takarda. Ki kuma nemi abu takamaimai a wurinsa maimakon ki ce a taimaka miki: dare biyu a mako ya ɗauki yarinyar bayan kin shayar da ita, ki kwanta a wani ɗakin ki yi awa biyar ba a tashe ki ba. Wannan taimako ne, gwaji ne kuma. Idan bayan mako biyu kin ji kin farfaɗo, an gano wani ɓangare na matsalar. Idan babu abin da ya canza, kin samu hujjar da za ki ajiye a gaban likita. Mahaifiyarki kuwa, ki ce mata, "Mama, ki riƙe min su ranar da zan je gwaji." Na tabbata ba za ta ƙi ba.

A gaban likita kada ki tsaya a "ina jin gajiya", don wannan kalma yana jin ta sau da yawa a rana har ta daina yi masa nauyi. Ki nuna masa abin da gajiyar ta hana ki: "Da ina wanke kayan yara in shanya a tsaye, yanzu sai na zauna sau biyu kafin in gama." Ki faɗi watan da ta fara, jinin da kika zubar, yawan audugar da kike canzawa a rana mafi tsanani, jin sanyin, gashin, mantuwar. Ki rubuta su a takarda tun daga gida, tunda mantuwa na cikin abin da ya kai ki. Sannan ki nemi cikakken ƙirgen jini tare da feritin, da TSH, da suga, da gwajin ƙoda da hanta, da B12, da gwajin ciki, a kuma auna hawan jininki a saurari zuciyarki. Ki ce a ba ki sakamakon a rubuce, ki ga lambobin da idonki, kada ki wadatu da "ba laifi". Idan wanda kika gani ya ƙi saurara, ki ga wani, haƙƙinki ne.

Yana iya yiwuwa duk su fito daidai. Wannan bai nuna ƙarya kike yi ba. Akwai gajiyar da ke biyo bayan wasu cututtukan ƙwayar bairos, har da korona, takan ɗauki watanni. Akwai kuma ciwon gajiya mai daɗewa, wanda ake tabbatarwa bayan an kawar da sauran dalilai, babbar alamarsa kuma ita ce mutum ya ɗan yi aiki yau, gobe ko jibi ya kwanta warwas na kwanaki. Idan haka naki yake yi, ki faɗa a fili, domin mai irin wannan ba a ce masa ya daure ya ƙara motsa jiki, ƙara masa ciwo ake yi, sai dai ya koyi raba aikinsa daidai ƙarfinsa. TSH ɗin kuma, ko ya fito lafiya a karon farko, ki nemi a maimaita shi bayan mako shida zuwa takwas muddin gajiyar tana nan, saboda tayiroid ɗin da ke sauka daga sama zuwa ƙasa yakan bi ta tsakiya, kuma in an ɗibi jinin a wannan makon sai lambar ta fito kamar ta mai lafiya.

Allah ya sawwaƙe, ya sa a dace da magani.